Hoton Ƙafafun Kakata

A gidan fataken goro na tashi a Salaga, babban gida mai zaure biyu da rijiya a tsakar gida. Ko a ƙuruciyata goron ya daɗe da barin garin, rabin ɗakunan sun koma ma'ajiyar doya da masara, sunan kawai ya rage. Uwata ta rasu ina goye. Ubana yaron mota ne, ya bi wata lori zuwa kudu bai sake waiwayowa ba. Kakata ta wajen uwa ce ta raine ni.

Kowa a gidan Kaka yake ce mata, har maigidan kansa, wani dattijo mai sanyin magana da muke kira Baba Tsoho. Ita ke wanke jarirai, ita ke wanke gawar mata, in rigima ta tashi a cikin gida ita ake kira. A ƙugunta kuma makullin ɗakin kayan kakanni yake, ɗaure a bakin zani. Ban taɓa tambayar ta ina jininmu ya haɗu da na mutanen gidan ba. 'Ya'yan Baba Tsoho kawu nake ce musu, suna amsawa, ni kuwa hakan ya ishe ni.

Baba Tsoho ne ya aurar da ni zuwa Yendi, ga wani tela ɗan zango da muka daidaita a wajen bikin wata ƙawata. Da danginsa suka zo neman aure suka taɓo maganar asali, sai ya ce musu, "'Yata ce." Ba wanda ya ƙara tambaya.

Na dawo gida wankan haihuwar fari, 'yan shekaru bayan yunwar nan da gobarar daji na farkon shekarun tamanin, ina nan Baba Tsoho ya kwanta, kwanciyar da bai tashi ba. Ya bar 'ya'ya maza uku. Babban shi ne Alhaji, dillalin doya da hatsi, yana nan Salaga. Na biyu yana Yendi yana harkar shanu, ƙaramin kuma yana Bawku yana fataucin albasa. Bayan sadakar arba'in suka zauna rabon gado. Gonaki da shaguna ba su ba da wahala ba, malamai suka raba. Kayan ɗakin kakanni ne suka tsaya a wuya, don kowa yana so, kuma ba abin da za a yanka uku ba ne. Na Bawku ne ya kawo shawara. Ya ce a garinsu akwai wani mai hoto da ya ƙware a ɗaukar tsofaffin kaya, a kira shi ya ɗauki komai kafin a raba, kowane gida ya samu hoton abin da bai faɗo a rabonsa ba.

A wannan zaman ne Kaka ta yi magana. Ta kawo musu ruwa, ta ji ana cewa takobi ya tafi Yendi, gafakar Alƙur'ani ta tafi Bawku. Ta ajiye kwanon ta ce, "Takobin nan da gafakar nan tare suka zo garin nan. Mahaifinku ya sha faɗa mini kada a raba su. Ku ji tsoron Allah, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba."

A gaban malamai ta faɗa, da baƙi. Alhaji ya dube ta, ya yi murmushi, ya ce, "Mun ji, Kaka."

Mai hoton ya iso a kan lorin albasa, wani dogon mutum siriri, ɗan Mosi, da akwatin katako da bai yarda kowa ya taɓa ba. Mu a lokacin mun san masu hoton tasha, mun san masu rataya ƙaramar kyamara a wuya suna yawon biki. Tasa dabam ce. Ƙatuwa ce ta katako, tana tsayawa a kan ƙafa uku, tsakiyarta fata ce mai naɗewa kamar zugazugin maƙeri, yana jan ta gaba yana mai da ta baya. A bayanta akwai gilashi, sai ya lulluɓa baƙin mayafi ya shige da kansa ya daɗe a ciki. Fim ɗinsa ba na naɗi ba ne. Falle-falle ne, kowane ya kai faɗin tafin hannu biyu, kowane a cikin kubensa na katako, falle ɗaya hoto ɗaya. Ya ce daga wajen Togo yake samo shi da ƙyar, don haka ba ya ɓarnarsa. Hausarsa irin ta Bawku ce, ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne a bakinsa.

Ya zaɓi inuwar bangon gabas, ya shimfiɗa baƙin bargo a kan tebur, ya sa aka riƙe masa farin zanin gado a gefe don ya mai da haske. Gidan ya cika. Kawu na Yendi da matarsa suna nan, na Bawku yana nan, maƙwabta sun shigo kallo. Kaka ta yi ado ranar. Ta ɗaura zanin ankon bikina, mai ganyen gwanda ruwan bula, wanda take ajiyewa don Sallah.

Ita ke fito da kayan ɗaya bayan ɗaya. Tun kwana biyu kafin nan take goge su da toka da lemun tsami. Ta fito da tasoshin tagulla, da butar alwala mai dogon wuya, da likkafa, da wata tsohuwar waga ta fata, irin jakar da ake ɗora wa jaki, wadda har lokacin in ka sa hanci za ka ji ɗacin goro. Ta fito da tulu cike da kuɗin wuri, da takobin, da gafakar. Kowanne ta ajiye sai ta faɗi na wane ne, a wace tafiya ya zo. 'Ya'yan gidan da kansu suna tambayarta, don ba su sani ba.

Mai hoton ba ya sauri. Zai juya tasa kaɗan, ya shiga mayafi, ya fito, ya sake juyawa. Da ya ga ina leƙe da jariri a kafaɗa sai ya ce in zo in gani. Na shiga ƙarƙashin mayafin, yana warin taba da zufa, sai ga tasar a jikin gilashi kanta a ƙasa, tana sheƙi, har ana ganin wurin da aka taɓa yi mata faci. Na fito ina dariya. Ya ce shi ya fi son tsofaffin kaya da mutane, don kaya ba sa ƙifta ido. In ya gamsu sai ya zura kuben fim, ya zare murfinsa, ya ce kowa ya tsaya cik, ya cire hular idon kyamarar, yana motsa baki yana ƙirge, sannan ya mayar.

Rana ta fara karkata, Kaka ta ce an gama. Alhaji yana zaune a kujera yana cin goro, ya ce, "Saura ɗaya. Wanda ke ƙarƙashin buzu, a bayan ƙofa."

Kaka ta ce, "Wannan ba na hoto ba ne, Alhaji."

"Kawo shi."

Ta shiga ta fito da wani abu naɗe a tsumma. Ƙarfe ne baƙi, zobba biyu masu kauri da sanda a tsakani. Ban taɓa ganinsa ba duk shigata ɗakin nan. Wata tsohuwa a cikin maƙwabta ta ce a hankali, "Mari ne," ta ja mayafinta ta fita.

Mai hoton ya ɗora shi a kan bargo, ya shiga mayafi, ya fito yana girgiza kai. Ya ce baƙi ne a kan baƙi, kuma ko ya fito ba wanda zai gane mene ne, za a ce ƙarfen keke ne.

Alhaji ya ce, "To a sa shi inda ake sa shi mana. Kaka, zauna a kan turmin can. Ai gadonki ne. Mu takobi muka gada, ke wannan kika gada. Da shi kakanmu ya taho da uwarki daga kasuwa. Tunda kina da baki a rabon gado, ga naki rabon."

Wasu suka yi dariya. Ni ma da farko na ɗauka wasa ne irin na jika da kaka, ina jira ta rama, don bakinta ba ya mutuwa. Ba ta rama ba. Ta dubi kawu na Yendi, ya sunkuyar da kai yana gyara agogo. Ta dubi na Bawku, wanda ita ta goya shi lokacin da uwarsa ke jinya, ya ce, "Yaya, a bar wannan," da muryar da ko na kusa da shi bai ji sosai ba.

Na ce, "Kawu, me kake faɗa haka?"

Alhaji ya juyo gare ni. "Ke, ba ni da 'yar'uwar da ta haife ki. Alhaji za ki ce. Mahaifinmu mutum ne mai kawaici, ya bar ku kuna shiga inda ba naku ba. Ni ina so kowa ya san wurin zamansa, shi ke nan."

Kaka ta taka ta je ta zauna a kan turmin da aka kife. Ta cire silifas ta jera su a gefe. Wani saurayi ya ɗauko marin zai sa mata, ya yi ta juya shi bai san ta inda ake rufewa ba. Ta karɓa ta sa wa kanta. Ta tattare bakin zani zuwa ƙwauri, ta ɗora hannuwa a cinya, ta kalli bango.

Mai hoton ya sauke ƙafafun kyamararsa har ta kusa taɓa ƙasa. Ya durƙusa, ya shiga mayafi. Ya fito ya kama diddigenta ya juya kaɗan, kamar yadda ya juya tasa. Ya sa aka matso da farin zanin. Ya ce, "Tsohuwa, kar ka motsa." Ya cire hular, ya mayar, sai ya yi tsaki. Ya ce ƙafar ta yi rawa, fallen ya lalace.

Alhaji ya ce, "Kaka, fim ɗin nan ba a bakin rijiya ake tsintarsa ba. Ki natsu."

Aka sake. Wannan karon ba ta yi rawa ba. Jaririna ya farka yana tsala ihu, wata ta ce in fita da shi kada ya ɓata aiki. Ban fita ba, ban kuma iya yin komai ba. Da aka gama Kaka ta cire ƙarfen, ta naɗe shi a tsummansa, ta kwance makullin daga bakin zaninta ta ɗora a kai, ta ajiye a gaban Alhaji. Sannan ta ce a miƙo mata buta, la'asar ta yi.

A ɗaki na tsare ta da tambaya. Ta ce, "Ki shayar da yaronki." Na nace. Ta ce gaskiya ne, uwarta saye aka yi, ubanta ma haka, ita a gidan aka haife ta, uwata ma haka. Ta faɗa kamar mai faɗin farashin gishiri. Na ce me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ce, "Da na gaya miki me za ki dafa da shi?"

Na koma Yendi da yaro, ban gaya wa mijina komai ba. Na ɗauka abin da ya faru a tsakar gida a Salaga zai zauna a can.

Bayan wata biyu ko uku hotunan suka iso. Kawu na Yendi ya sa aka yi musu firam, ya jera a zaurensa, mutane suna zuwa kallo, don ba a taɓa ganin hoto mai fitar da abu haka ba. Ana iya karanta rubutun da ke jikin takobi. Na ƙafafun ma ya rataye shi a ƙarshen layi. Babu fuska a ciki. Amma akwai bakin zani mai ganyen gwanda, kuma duk matan gidan mijina suna da irinsa a akwati, tare muka yanka. Surukata ta je suna gidan, ta gani, ta tambaya, matar kawu kuwa ba ta rage mata komai ba.

Ta dawo ina tankaɗen garin tuwo. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Tsohon nan ya dubi idonmu ya ce 'yarsa ce. Allah ya jiƙansa, amma ya yi mana rufa-rufa." Na ce, "Mma, sannu da zuwa." Ta ce, "Kada ki ƙara ce mini Mma."

Mijina da farko ya tsaya. Ya ce shi mace ya aura ba tarihi ba, addini ma bai san wannan ba. Ya faɗa wa uwarsa haka a gabana, na ji daɗi har na yi kuka. Amma shagonsa a bakin kasuwa yake, kuma majalisar shagon tela ba ta da aiki sai magana. Suka sa masa suna surukin mari. In ya tashi zai tafi gida sai wani ya ce ya gaida masu sarƙa. Sannan dangin wanda ke neman ƙanwarsa suka fara jan ƙafa, suna cewa sai sun sake bincike a kan gidan. Ya daina cin abinci a ɗakina. Ya daina ɗaukar yaron. In na yi magana sai ya ce na san abin da na ɓoye masa, na rantse ban sani ba, ya ce wannan ya fi muni.

Ba wanda ya taɓa duka na a gidan. Aiki kawai ya ƙaru. Wankin da ake rabawa ya zama nawa, ɗebo ruwa ya zama nawa, in baƙi sun zo sai a aike ni bayan gida. Na yi ta yi, ina cewa zai wuce.

Ranar da abin ya ƙare, yarona ya fara koyon tafiya. Na dawo daga famfo da bokiti a ka, na tarar da 'ya'yan yayar mijina sun ɗaure masa ƙafafu biyu da ƙyallen shago. Suna kiransa, yana ɗaga ƙafa yana faɗuwa, yana tashi yana dariya don shi a ganinsa wasa ne. Manya suna zaune a tabarma suna ɓarar gyaɗa, suna dariya su ma. Surukata ta ce, "Ku bar shi ya saba." Na sauke bokitin na kwashe babbar cikinsu da mari. Kafin magariba mijina ya sake ni. Bai shigo ya faɗa da bakinsa ba, ƙaninsa ya aiko.

Suka ce in tafi Salaga da yaron, in na yaye shi za su aiko a ɗauke shi. Na yi ta jan yayen, kullum ina leƙen ƙofa in na ji lorin Yendi ta shigo. Na yaye shi, ba wanda ya zo. Shekara ta zagayo, ba wanda ya zo. Na yi murna sosai kafin na gane cewa wannan ma magana ce suka faɗa mini.

A Salaga na tarar an fitar da Kaka daga ɗakinta na kusa da zaure, an zuba buhunan masara a ciki. An mai da ita wani ɗan ɗaki a bayan madafi, kusa da turken awaki. Har lokacin in an haihu ita ake kira, in an mutu ita ake kira, tana zuwa. Na fara dama koko ina soya ƙosai a bakin tasha, da shi muke ci mu uku.

Wata rana da hantsi muna tsince wake, ba tare da na tambaye ta ba, ta ce, "Marin nan ma ba na uwata ba ne." Na ɗago. Ta ce uwarta tana ƙarama aka kawo ta, ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba, ƙafarta za ta zame ta fita daga wannan zoben. A kan jaki aka ɗora ta tsakanin kaya. Marin na wani ƙanin kakan su Alhaji ne da ya haukace, aka ɗaure shi a ɗakin baya har ya mutu. Ita da kanta ta kai masa abinci tana yarinya, shi ya sa ta san yadda ake rufe shi.

Na ce, "Kaka! Me ya hana ki faɗa a ranar?"

Ta ce, "In tona asirin gida a gaban baƙi? Mahaifinsu ya ba ni amana." Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ƙara da cewa, "Kuma da na faɗa, uwata za ta fasa zama saye ne?"

Na ji haushinta ranar fiye da yadda na ji haushin Alhaji, na kwana biyu ba na yi mata magana sai gaisuwa.

Da aka shiga shekarun casa'in baƙi suka fara zuwa Salaga daga ƙasashen waje, baƙaƙen fata irinmu masu jin Turanci kawai, suna neman inda aka sayar da kakanninsu. Ana kai su tsofaffin rijiyoyi, ana nuna musu filin kasuwa. Alhaji ya gane akwai suna a ciki. Ya sa aka share ɗakin kakanni, ya rataye hotunan, ya ajiye marin a kan tebur. In baƙi sun gama kallo sai ya aika a kira Kaka, ya nuna hoton, ya nuna ƙafafunta. Ta riga ta tsufa sosai, idonta ya yi hazo. Wata mata mai manyan 'yan kunne ta durƙusa ta rungume gwiwoyinta tana kuka kamar ranta zai fita. Kaka ta shafa kanta, ta juyo ta tambaye ni, "Wa ya rasu mata?" Na hana a sake kiranta. Alhaji ya aiko a gaya mini in ɗakin ya yi mana kaɗan, garin da faɗi.

Ta rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Matan da ta wanke wa 'ya'ya suka tsaya daga ƙofa suna duban juna, ba wadda ta san yadda ake yi, don ita ke yi. Ni da wata maƙwabciya Bagwanja muka wanke ta.

Ba a daɗe ba na ga wani yaro a tasha yana tallar ƙananan hotuna ga baƙi, rijiya, da tsohuwar bishiya, da ƙafafun Kaka. Ya ce daga Bawku ake kawowa. Na bar ɗana wurin maƙwabciyar, na hau mota zuwa Tamale, na sake wata zuwa Bolga, na bi ta Zebilla. Ban taɓa yin tafiya mai nisa haka ni kaɗai ba.

Shagon mai hoton yana wani lungu bayan kasuwar albasa. Ya tsufa, kasuwarsa ta mutu, masu hoto mai kala sun kwashe mutane. Kyamarar tana kusurwa an lulluɓe ta da mayafinta. Na gaishe shi, na faɗa masa daga inda nake. Fuskarsa ta washe. Ya ce ya tuna gidan, ya tuna hasken ranar. Ya jawo wani akwati, ya yi ta bincike a hankali, ya zaro fallen da yatsa biyu, ya ɗaga shi a bakin ƙofa. Komai a juye yake, ƙafafun farare fat, marin ma fari, ƙasa baƙa. Ya ce in duba faso a diddige, in duba jijiyar nan, in duba zaren da ya zare a bakin zani. Ya ce a duk aikinsa babu wanda ya fi wannan.

Na ce kakata ce, ta rasu, na zo ya ba ni fallen.

Ya ce, "Allah ya jiƙan shi. Amma hoto na mai gida ne, fim na mai hoto ne. Haka aikin yake."

Na gaya masa aurena ya mutu a kan hoton nan. Na gaya masa marin ma ba na uwarta ba ne. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Ni ban san ka ba, ban san tsohuwa ba. An kira ni aiki, na yi aiki. Wanda ya ce a sa ƙarfe, shi za ka je ka tambaya." Ya mai da fallen cikin takardarsa. Ya ce in ina so zai wanke mini babba guda kyauta, tunda na sha hanya.

Na tambaye shi ko a cikin fallayen ranar akwai wanda fuskarta ta fito, ko a gefe, ko lokacin da take ajiye tasa. Ban da na ƙafafun nan ba ta taɓa yin hoto ba a rayuwarta, ba ni da abin da zan nuna wa ɗana. Ya yi tunani da gaske, har ya sake duba akwatin. Ya ce, "Fuska ba a ce in ɗauka ba."

Na fita. A bakin kasuwa na zauna a kan wani buhu, mai albasar ta dube ni ta bar ni, har ta ba ni ruwa.

Ban koma gidan goro da zama ba. Na ɗauki ɗana muka dawo Tamale, na ci gaba da koko da ƙosai, a nan ya yi makaranta, a nan ya girma. Daga baya kawu na Bawku ya gaya wa wani, wanin ya gaya mini, cewa mai hoton ya rasu, 'ya'yansa sun sayar da akwatin fim gaba ɗaya ga wani Bature da ya zo neman irin waɗannan kaya. Ban san ƙasar da ya tafi da shi ba.

Alhaji ya yi tsawon rai. Ya gina masallaci a unguwa, ya rasu da mutuncinsa, jana'izarsa ta tara mutane daga Yendi da Bawku har da Kumasi. Na je ta'aziyya, don a gidan aka haife ni. Na shiga na gaida matan, suka amsa, suka tambayi ɗana. Ina neman wurin zama a tabarma sai babbar 'yarsa, wadda muka yi wasan ƙasa tare, ta ce, "Yauwa, gara da kika zo, tukwane sun taru a baya ba mai wankewa." Na ajiye jakata, na naɗe hannun riga, na zagaya bayan madafi na wanke su.